Karaya Biyu a Gida Ɗaya: Yadda Na Koma Makaranta da Goyo

An haife ni a cikin tsohon garin Sakkwato, ba nisa da Hubbaren Shehu, a gidan da kowane babba yake da sana'a amma babu wanda ya taɓa tara abin da zai riƙe shi wata guda. Mahaifina baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da takalma da fatar jan akuya wadda aka san ƙasarmu da ita, mahaifiyata kuwa tana suyar ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa a cikin gida. Na fara da wannan ne saboda ina yawan jin ana cewa talaucin Arewa ya samo asali daga zaman da mata suke yi ba aiki, alhali ni ban taɓa ganin mahaifiyata a zaune haka kawai ba. Tun kafin kiran assalatu take tashi, kuma sau da yawa sai bayan isha'i take sauke kasko. Mutum biyu ne suke nema a gidanmu, amma duk da haka akwai daren da kunu kawai muke sha mu kwanta.

Da yake mahaifiyata tana cikin kulle, ni ce ƙafarta. Ni nake auno gyaɗa a kasuwa, ni nake kai niƙa, ni kuma nake ɗaukar farantin ƙuli da kwalaben mai in zaga unguwa. Da farko sai na taso daga makaranta nake fita talla, daga baya aka fara cewa in fita tun da safe duk ranar da aka yi suya da yawa, domin kada kaya su kwana. Idan na dawo da yamma sai ta shimfiɗa gefen zaninta in juye kuɗin, ta ware na gyaɗar gobe, ta ware na itace da na niƙa, ta ware zubin adashi, abin da ya rage a tafin hannunta bai wuce na gishiri da daddawa da sabulu ba. Ba ta taɓa sa wahalarta a lissafi ba, balle ranakun makarantar da nake rasawa. A haka na lallaɓa har aji uku na ƙaramar sakandare, ina karanta Hausa sarai, Turanci kuwa sai kame-kame. A shekarar 2004 aka ɗaura mini aure, kuma ban ji wani zafin barin makaranta ba a lokacin, domin a unguwarmu haka kowace yarinya take yi.

Maigidana falken albasa ne. Duk wanda ya san Sakkwato ya san matsayin albasa a wurinmu. Ana nomanta da rani a fadamun Wurno da Goronyo da Gada da Kware, ana cire ta a ƙarshen sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da take cika kasuwa har farashin buhu ya faɗi warwas. Ribar falke tana wurin ajiya: ya saya da araha, ya jibge a rudu, wato rumfar ajiyar albasa, ya jira har damina ta yi nisa kaya su yi ƙaranci, sannan ya loda mota zuwa Legas ko Ibadan ko Anacha. Sana'a ce mai albarka idan shekara ta yi kyau, sai dai albasa ba hatsi ba ce, tana ruɓewa, tana tsiro, tana motsewa a ajiya, kuma mai ita yakan zuba duk abin da ya mallaka ya zauna watanni yana jiran ciniki ɗaya. Shekarun farko na aurenmu sun zo da rufin asiri. Muna cin nama, ana yi wa yara ɗinkin sallah a kan lokaci, har ya sayi fili a bayan gari. Ni ma ban zauna ba, ina dama fura ana saye a cikin gida, ina kuma ɗinkin hula, kuma shi ne ya ba ni jarin duka biyun.

A watan Satumba na shekarar 2010 Gulbin Rima ya yi ambaliyar da har yau ake ba da labarinta. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, ya raba dubban mutane da gidajensu, har ya karya gadar da ke kan hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Albasar maigidana tana ajiye a wani ƙauye kusa da gulbi, saura 'yan makonni ya fara fitar da ita. Ko buhu ɗaya bai tsira ba. Abin da ya ƙara nauyin al'amarin shi ne ba dukiyarsa kaɗai ba ce a ciki, akwai kuɗin mutane da suka ba shi ya juya musu a raba riba. Wasu sun yafe saboda sun san ikon Allah ne, wasu kuwa ba su da halin yafewa domin su ma shi ke nan abin da suka dogara da shi. Aka sayar da filin, aka sayar da babur, ni kuma na fitar da 'yan kunnayena na zinariya da rabin kwanonin jerena.

A nan ne na ga abin da ban taɓa lura da shi ba a gidan mahaifina. Na ɗauka tunda ina da sana'a zan riƙe gida kafin ya farfaɗo, amma cikin ɗan lokaci sana'ar tawa ta bi tasa. Jarin fura shi muka fara ci, domin ba zai yiwu in ajiye gero na saye alhali yara suna kukan yunwa ba. Masu sayen furar kuma maƙwabta ne, yawancinsu 'yan kasuwar albasa da 'yan dako da masu tura baro, waɗanda ambaliyar ta taɓa su kamar yadda ta taɓa mu, sai ciniki ya koma bashi, bashin kuma ba ya dawowa. Hula kuwa sai in shafe makonni a kan guda ɗaya, dillaliya ta zo ta taya yadda ta ga dama saboda ta san a matse nake. Nemana da nasa guga biyu ne a rijiya ɗaya, da rijiyar ta ƙafe duka biyun suka fito wayam. Maigidana ya koma dillanci a kasuwa, yana cin la'ada a kan kayan wasu, mutumin da a da shi ake yi wa lodi. Akwai ranar da zai bar kuɗin cefane, akwai ranar da zai fita tun kafin gari ya waye don kada mu haɗa ido.

Wata rana surukata, wadda muke zaune tare da ita, ta dubi babbar 'yata da ba ta daɗe da shiga aji ɗaya na firamare ba, ta ce da ni: "Ɗiyar ga ta isa ɗaukar faranti. In ana kai furar bakin titi ai ta fi saurin ƙarewa." Na ce, "Inna, makaranta fa?" Ta ce, "Mu duka haka munka tashi, mi yas same mu?" Ba da mugunta ta faɗa ba, tsohuwa ce mai tausayi da ta ga jikokinta suna ramewa, kuma a lissafin wannan rana gaskiyarta ce, domin da an fita da furar da an samu na tuwon dare. Na kwana ina juya maganar a raina. Na san hanyar nan daga farkonta har ƙarshenta tunda ni ma ita na bi, na kuma san cewa idan na ɗora wa yarinyar nan faranti, nan da shekara goma sha biyar za ta tsinci kanta daidai inda nake, da sana'ar da ba ta iya ceton kowa.

Akwai wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti, wadda mijinta shi ma ruwa ya ci masa albasa a wannan shekara, asararsa ma ta fi tamu. Na zuba ido ina kallon gidansu. Sun ji jiki, sun rage abubuwa da yawa, amma 'ya'yansu ba su fasa zuwa makaranta ba, ba su sayar da gado ko katifa ba, kuma mai shagon unguwa yana ba ta shinkafa da mai bashi ba tare da ɗaure fuska ba, saboda ya san ƙarshen wata yana zuwa. Ba ta fi ni ƙwazo ba, hasali ma na fi ta daɗewa a tsaye kowace rana. Bambancin shi ne kuɗinta ba daga kasuwar albasa yake fitowa ba, kuma takardar da ke hannunta ce ta kai ta wurin. Ita ce ta ba ni labarin cibiyar ci gaba da karatu ta mata da ke cikin garin Sakkwato, wadda ake karɓar matan aure da zawarawa da duk wadda karatunta ya yanke.

Na daɗe ina neman bakin zaren kafin in tunkari maigidana. Da na ce, "Malam, ina son ka yarje mini in koma makaranta," sai ya yi shiru har na zaci bai ji ba, can ya ce, "Wato so kike gari ya ce na kasa riƙon gidana." Wannan ita ce damuwarsa ta gaskiya, ba ƙin boko ba. Namiji a wurinmu yana iya jure yunwa, amma da wuya ya jure a ce matarsa ce ta fita nema saboda ya gaza, kuma a lokacin ciwon karayar bai warke ba. Ban ja maganar ba, na kai ta wurin mahaifina. Shi ne ya kira shi zaure, ba da faɗa ba, ya tuna masa cewa a garin nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara karantar da mata, ta naɗa jajis, wato jagororin mata, tana ɗora musu malfa, suna tahowa daga ƙauyuka da 'yan taru, wato matan da suke jagoranta, su ɗauki karatu su koma su koyar, kuma babu malamin da ya ce ta saɓa wa addini. Ya kuma kawo masa hadisin Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, wadda ta tambaya ko abin da take kashewa a kan mijinta da marayun da ke hannunta zai zama sadaka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Mahaifina ya ƙara da wata magana da ban zata daga bakinsa ba, ya ce shi da kansa yana ganin da an bar ni na ƙarasa karatu da yanzu wani zance ake yi. Maigidana ya amince bisa sharaɗin kada girki da tarbiyyar yara su samu tangarɗa.

Na shiga a shekarar 2011 da goyo a bayana, aka mayar da ni aji ukun da na bari. Ina son duk macen da ke karanta wannan ta san cewa karatu yana fara ci kafin ya fara bayarwa, kuma shekarun da na yi a makaranta sun fi shekarar ambaliya tsanani a wasu fuskoki. Ɗan abin da nake samu a fura ya ragu saboda safiyata ta tafi aji, ga kuɗin littattafai, ga kuɗin kabu-kabu, wanda idan babu sai in taka da ƙafa, kuma wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ya san abin da ake nufi da tafiyar azahar da yaro a baya. Nakan tashi cikin dare in ɗora ɗumame, in yi wanki, in shirya yara, in isa aji idona yana lumshewa. Ranar da malama ta fara kira na gaban allo in karanta sakin layi na Turanci, yaron ya farka yana kuka, nono ya jiƙa mini gaban riga a ƙarƙashin hijabi, harshena ya sarƙe a kan kalma ta uku. Ba wadda ta yi dariya, domin kusan duk ajin iyaye ne, wata dattijuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba ta miƙo hannu ta karɓi yaron ta ce in ci gaba. A cikin unguwa kuwa an yi magana har an gaji: wai boko bayan haihuwa uku, wai na raina abin da mijina yake kawowa. Surukata, wadda ta fara kawo zancen talla, ita ce daga baya ta riƙa riƙe mini yaran, duk da har ta rasu ba ta daina kiran abin "wahalar banza" ba.

Amfanin farko da gidanmu ya gani bai jira albashi ba. Maigidana ya yi karatun allo mai zurfi, yana rubuta ajami, kuma a lissafin ka ba a kama ƙafarsa, amma bai taɓa rubuta cinikinsa ba. Da ya fara samun ɗan jari yana haɗa lodi da abokansa, sai na ɗauki littafin rubutu na yara na ja layuka, kowace tafiya ina tambayarsa ina rubutawa: kuɗin saye, kuɗin buhu da ɗinki, dako, kuɗin mota, abin da aka biya a shingayen hanya, la'adar dillalin can, da buhunan da suka lalace kafin a isa. Da farko yana ba ni amsa ne kamar mai yi wa yaro wasa. Da shekara ta zagayo muka zauna muka haɗa, sai ga shi wata kasuwar Kudu da yake yabo saboda tsadar buhu a can ita ce mafi ƙarancin riba, domin nisan hanya da ruɓa suna cinye bambancin. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce in sake karanta masa. Tun daga ranar shi da kansa yake cewa in ɗauko littafi. Ni ce kuma nake karanta masa saƙonnin banki da ke shigowa wayarsa, abin da a da sai ya kai wa wani a kasuwa ya duba masa, kowa ya san sirrinsa.

Na rubuta jarrabawar kammala sakandare ta NECO a 2015, na samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, na kammala NCE, wato takardar shaidar malanta, a 2018. Na fara koyarwa a wata makarantar kuɗi da albashin da kusan rabinsa yake tafiya a kuɗin abin hawa, daga baya Allah Ya sa na samu aiki a makarantar firamare ta gwamnati.

Kada wani ya zaci daga nan muka yi arziki. A shekarar 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci na 2019, wanda ya ce duk mutumin da abin da yake kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba yana cikin talauci, kuma a kan wannan ma'auni kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya talakawa ne, a Jihar Sakkwato kuwa kashi 87.73, mafi yawa a duk ƙasar. Da na ji adadin sai na ɗauki biro na lissafa da gidanmu. Mu bakwai ne a lokacin, ni da shi da yara huɗu da Inna, wato muna buƙatar naira 962,010 a shekara, kimanin dubu 80 kowane wata, kafin a ce mun tsallake layin. Albashina bai kai rabin wannan ba. Shi kaɗai ba zai fitar da mu ba, kamar yadda cinikin maigidana shi kaɗai yake fitar da mu a shekara mai kyau ya mayar da mu a shekara mara kyau. Sai an haɗa biyun ake samun abin da zai tsaya.

Karaya ta biyu ba ta zo a dare ɗaya kamar ta farko ba. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, fataucin da yake yi ta Illela zuwa Ƙonni a Jamhuriyar Nijar ya tsaya, kuma ba a buɗe ba sai a Disambar 2020. Tsakanin haka annobar korona ta zo da dokar hana zirga-zirga. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha da ke Ibadan, kayan da shi da abokansa suka haɗa suka salwanta a can. Bayan 'yan watanni ya faɗi a tsakar gida yana alwala, hawan jinin da bai san yana da shi ba ya taɓa masa ɓarin jiki na hagu. Ya daɗe a kwance, ya fi haka daɗewa bai shiga kasuwa ba.

Idan aka auna da abin da ya salwanta, wannan karayar ta fi ta 2010, tunda a wancan karon yana da lafiyarsa. Amma gidan bai watse yadda ya watse a baya ba. Ba mu sayar da komai na ɗaki ba. Ba yaron da ya bar makaranta ko na zango ɗaya. Albashina ƙarami ne, sai dai yana da wata daraja da ribar fura ba ta da ita, wato an san ranar zuwansa, kuma ba ruwansa da iyaka ko ambaliya ko rikicin kasuwa. Saboda haka mai shago ya yarda ya riƙa ba mu hatsi zuwa ƙarshen wata, mai kemis ya yarda da ni, kuma ƙungiyar adashin malamai ta ba ni kwasa kafin layina ya zo, da ita muka biya gashin ƙashi da magani. Ko a cikin masu takarda akwai bambanci: lokacin da aka rufe makarantu saboda korona, ƙawayena da ke koyarwa a makarantun kuɗi da yawansu sun yi watanni ba ko kwabo, domin iyaye ba su biya ba, mu kuwa albashinmu bai tsaya ba. Akwai kuma abubuwan da ba kuɗi ba ne. Ni nake karanta takardar magani in san wanne ake sha da safe wanne da dare, ni nake rubuta awon jininsa in nuna wa likita, kuma da 'yan uwa suka taso da maganar a bar asibiti a koma ga wani mai magani da ya ce jifa ne, ina da bakin da zan ce a ci gaba da addu'a amma ba za a daina shan ƙwaya ba. A 2010 ba na jin zan iya buɗe baki a gaban manya in faɗi haka, kuma ko na faɗa ba mai saurare.

A cikin jinyar nan wata rana na dawo daga makaranta na tarar da shi zaune a kan tabarma yana motsa yatsun hannunsa, na ajiye masa ledar magani, sai ya ce, "Malama, sannu da aiki." Bai taɓa kira na da wannan suna ba kafin ranar. Na ce, "Yawwa Malam, ya jiki?" na wuce madafa, domin ban so ya ga idona.

Akwai gefen da ba a cika faɗa ba, kuma rashin adalci ne in ɓoye shi. Mace mai aiki a wurinmu aiki biyu take yi, domin fitarta ba ta sauke mata girki da wanki da reno ba, kuma gajiyar tana taruwa a jiki. Na kuma ga gidajen da albashin mace ya zama musiba a gare ta, miji ya ga tana samu sai ya janye hannunsa daga cefane da kuɗin makaranta, wani ma ya ƙaro aure da rarar da ta samar masa. A cikin abokan aikina akwai wadda katin cirar kuɗinta yana aljihun mijinta. A irin wannan gida ba a samu mai nema na biyu ba, an dai sauya wanda ake ɗora wa kaya ne, kuma talaucin yana nan inda yake. Shari'a ta ɗora ciyarwa da tufatarwa da muhalli a kan miji, dukiyar mace tata ce, abin da ta bayar kyautatawa ce. Ni na yi dace da mutumin da ya san haka, wanda da ya fara samun sauƙi ya koma ɗaukar nauyin hatsi da kansa tun kafin in yi magana.

Ƙanwata ita ce take hana ni mantawa da inda na fito. Ba ta wuce firamare ba, mijinta ɗan kabu-kabu ne, ita kuma tana suyar awara. Su biyun suna nema ba dare ba rana. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, farashin mai ya ninka kusan sau uku, fasinjoji suka koma tafiya a ƙasa, waken suya da man suya suka yi tsada, masu sayen awarar kuma su ne dai matan 'yan kabu-kabu da leburori. 'Yarta ta biyu tana fita talla yanzu. Rahoton da hukumar ƙididdiga ta fitar a Nuwambar 2022, wanda bai tsaya ga kuɗi kaɗai ba har ya duba zuwan yara makaranta da ruwan sha da makamashin girki da nisan asibiti, ya sa kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa a cikin talauci, Sakkwato kuwa kusan kashi 91. Gidan ƙanwata yana cikin wannan adadi, alhali ba mai zaman banza a cikinsa. Na yi mata maganar komawa makaranta, ta ce wa zai ciyar da su a shekarun da za ta yi tana karatu. Ba ni da amsar da ta wuce in ɗauki nauyin littattafai da kayan makarantar yarinyar, da sharaɗin tallar ta koma bayan la'asar, kuma ko wannan ba kullum ake cika shi ba.

Mu ma tsadar ta taɓa mu. An mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira dubu 70 a 2024, amma kwanon gero da na shinkafa sun riga albashi gudu, nama ya koma na ranar Juma'a. Babbar 'yata tana karatun kiwon lafiyar al'umma a kwalejin da ke Gwadabawa, kuma mahaifinta ne ya kafa wa masu neman aurenta sharaɗin sai ta kammala, sannan a rubuta cewa za a bar ta ta yi aiki. Maigidana yana tafiya da sanda, ya buɗe ɗan shagon hatsi kusa da gida. A bana ya sake ajiye albasa a rudu, amma kaɗan, a kan tudu nesa da gulbi, kuma da kuɗinsa kaɗai ba na mutane ba. Ni kuma ina shirin neman digiri ta hanyar karatun hutu, domin matakin albashina ba zai yi nisa da NCE kaɗai ba. Mun yi magana da shi, zan biya rajista da kwasar adashina mai zuwa, shi kuma ya ɗauki kuɗin mota da na takardu idan an fitar da albasar.